Me ya sa gashin daji ke ƙona wani ya bar wani?

Mushen Kimiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mai binciken cutar daji a Jami'ar Birmingham ta Ingila, Farfesa Malcolm Taylor, da nake so mu tattauna aikinsa. Ya shafi tambayar da ake ta yi a nan Maradi tun da aka buɗe ɗakin gashin daji, wato kashe cutar daji da hasken na'ura, a Yamai a 2021: yaya mutum biyu za su kwanta ƙarƙashin na'ura ɗaya, a ba su awo ɗaya, wannan ya tashi lafiya lau, wancan fatarsa ta saɓule?

A 1975 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani gwaji a mujallar Nature. Sun ɗebi 'yar fata daga jikin masu wata cutar gado da ake kira ataksiya telanjiyektaziya, wadda likitocinmu suka fi sani da cutar Louis-Bar. Suka raini ƙwayoyin fatar a faranti cikin ɗakin gwaji, suka haska musu irin hasken da ake gashi da shi, sannan suka ƙirga nawa ne suka rayu har suka ci gaba da hayayyafa. Awon da ƙwayoyin mai lafiya ke shanyewa su wuce, shi ya karkashe na masu cutar. Likitoci sun riga sun ga abin a gadon asibiti, don tun 1967 aka ba da rahoton wani yaro mai wannan cuta da aka yi wa gashi da awon da aka saba, ya yi mishi mummunan lahani. Gwajin Taylor ya nuna raunin yana cikin ƙwayar jikin ita kanta, kuma gadonsa ake yi.

Sai a 1995 ƙungiyar Yosef Shiloh ta Jami'ar Tel Aviv ta gano ƙwayar gadon da ke lalacewa, aka sa mata suna ATM, tana kan kromozom na 11. Taylor bai bar fagen ba. A 1999 ɗakin gwajinsa ya gano wata cutar mai kama da ita, wadda tushenta wata ƙwayar gado ce daban, MRE11.

Ga ra'ayina, kuma a kansa nake son muhawarar: labarin da ke yawo cewa na'ura na ƙona mutane yana da tushe, amma tushen a jikin mutane 'yan kaɗan yake, mu kuwa mun bar shi yana hana jama'a da yawa zuwa neman magani.

Hajiyar Bagalam:
Wa alaikumus salam Mushe. Ni bokona bai yi nisa ba, amma gani ya kori ji. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya an cire mata nono aka ce sai gashi. Lokacin babu na'ura a ƙasar nan, muka tsallaka iyaka. Da farko ba ta jin komai, har tana cewa ashe abin ba wuya. Da aka yi nisa sai hammatarta ta yi baƙi ƙirin, ta fara salewa tana tsattsafo ruwa. Riga ta gagare ta sawa, sai mayafi mara nauyi muke yafa mata, ta kwana a zaune hannu a ɗage bisa matashi, ni kuma ina mata fifita har asuba. Matar da ke bin ta a layi kullum, ciwonsu ɗaya, ko ɗigo bai fito mata ba. Har yau a gidanmu in ka ambaci gashi sai fuskoki su canza. Yanzu ga ɗiyar ƙanwar tawa an ga ƙullutu a nononta, ba ta kai talatin da biyar ba. Shi ne nake tambaya, mu ma wannan gadon ne a jininmu?

Mai Na'ura:
Hajiya sannu da jinya, Allah ya ba da lada. Ni aikina ke nan, ni ke kwantar da majinyaci bisa tebur in daidaita alamomin da aka zana mishi a fata kafin in fita in kunna. Abin da kika kwatanta mun san shi sarai, kuma ba shi ne wanda Mushe ke faɗa ba.

Gashin nono an saba ba da gire 2 (gire shi ne ma'aunin hasken gashi) kowace rana, kwana biyar a mako, har a cika gire 50. Yanzu wurare da yawa sun koma gire 40 a zama 15. Fata kullum tana sabunta kanta daga ƙasa, hasken kuma yana rage ƙwayoyin da ke wannan aikin, shi ya sa ba a ganin komai da farko sai tsohuwar fatar ta zube ba a samu mai maye gurbinta ba. Inda fata ke gogar fata, hammata da ƙarƙashin nono, ga zufa ga zafin ƙasarmu, nan take fara buɗewa. Mace mai jiki, mai ciwon suga, mai shan taba, wanda ake haɗa wa da ƙarin ruwan kashe daji, duk sun fi gamuwa da haka. Yawanci in an gama da 'yan makonni sai ta rufe. Mai cutar Louis-Bar kuwa naman ne ke mutuwa har ciki, yana iya rasa ransa. Ita ƙanwar taki wurin ya rufe?

Hajiyar Bagalam:
Ya rufe, alhamdulillahi. Sai dai ya yi tauri, hannun ba ya ɗaguwa sosai har yau. Amma tana nan da ranta, tana sana'arta.

Mai Na'ura:
To wannan taurin shi ne lahanin da ke zuwa daga baya, bayan watanni ko shekaru, kuma shi ya fi damun masu bincike, don ba ya komawa. A nan ne gado ke da hannu sosai, ko ga wanda ba shi da wata cuta mai suna.

Ɗan Tibiri:
Mushe, da girmamawa, ni wanga zance bai kwanta mini ba. Na duba, cutar da kake faɗi ana samun mutum guda cikin 40,000 zuwa 100,000. Mu nan damina na kamawa yara ke cika gadaje a Madarunfa da masassara da tamowa. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 25, wurin gashi guda, shi ma a Yamai, sama da kilomita 600 daga nan. Wanda ya sayar da bisashensa ya kai matarsa can, ya kama ɗaki, ya ci ya sha wata da watanni, kai ko kana mishi zancen ƙwayar gado da Turawa sunka gani a faranti. Su sun ƙoshi ne, shi ya sa suke tsintar ƙananan abubuwa. Mu a ba mu na'ura tukuna.

Mushen Kimiyya:
Yaya, maganar na'ura babu mai musu da kai. Amma ka san yadda ake tsayar da awon da ake ba kowa? Ana tsayar da shi ne inda mummunan lahani ba zai wuce wajen mutum 5 cikin 100 ba. Wato jikin waɗannan biyar ɗin shi ke yanke wa sauran 95 iyaka. Da za a iya gane su tun kafin a fara, sai a sassauta musu ko a canza musu hanya, sauran kuma a ƙara musu awon da zai fi kashe dajin. Mai na'ura ɗaya ya fi kowa buƙatar kowane zama ya yi amfani. Taylor ya fara da cuta mai wuyar samu ne don a jikin masu ita abin ya fito fili ƙarara, daga nan aka bi sawu zuwa ga sauran mutane.

Ɗalibar Likitanci:
Baba na Tibiri, bari in ƙara a kan na Mushe, don bana muka karanta wannan a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Zaren ADN, wato zaren gado da ke cikin kowace ƙwayar jiki, kamar igiyar guga yake, tufka biyu a murɗe. In tufka ɗaya ta tsinke, ɗayar na riƙe, kuma daga jikinta ake kwafo gyara. In duka biyun suka tsinke wuri ɗaya, guga ta tafi rijiya. Gire 1 na haske yana tsinka tufka ɗaya wajen sau 1,000 a ƙwaya guda, yana tsinka biyun tare wajen sau 40. Waɗannan arba'in ɗin su ne masu kisa. Aikin ATM shi ne ya fara gano su, ya tsayar da ƙwayar kada ta rabu biyu da ɓarna a cikinta, ya tayar da sauran sunadaran gyara. Dalilin da ya sa ake rarraba gashi kaɗan-kaɗan ke nan: daga yau zuwa gobe nama mai lafiya ya gyara kansa, dajin kuwa gyaransa bai kai haka ba. Wanda ba shi da ATM sam, wannan hutun ba ya mishi amfani.

Tsakanin mai ATM lafiyayye da wanda ba shi da shi akwai mutane birjik. Nicolas Foray a Lyon ta Faransa ya yi shekaru yana auna ƙwayoyin fatar majinyatan da gashi ya wahalar, abin da ya kawo shi ne da yawansu suna da ATM ɗin, jinkirin shiga cibiyar ƙwayar yake yi. Wasu kuma, irin su Catharine West a Manchester, suka bi ta wata hanya: a 2009 aka kafa haɗakar masu binciken gado da gashi, daga baya suka bi majinyata sama da 4,000 a Turai da Amurka, masu dajin nono da huhu da mafitsarar maza, suna haɗa jininsu da irin lahanin da ya fito musu. Abin da ke fitowa shi ne ga yawancin mutane ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, ƙanana ne da yawa, kowace da ɗan nata.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. A manyan binciken gado na duniya, kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka auna 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 3 ba. Alhali mu muka fi kowa bambancin ƙwayoyin gado a duniya. Ranar da gwajin zai fito kasuwa, da jinin wasu aka gina shi.

Ɗan Tibiri:
To ɗiyata, ai kin ƙarfafa tawa maganar. Ba don mu anka yi shi ba.

Ɗalibar Likitanci:
Ba don mu aka yi ba, amma ba a hana mu yi ba, Baba. Farfesa Olufunmilayo Olopade 'yar Najeriya ce, tana Jami'ar Chicago, ta koma Ibadan ta yi. A 2018 suka fitar da sakamakon mata 1,136 masu dajin nono: kusan ɗaya cikin bakwai tana ɗauke da lalatacciyar ƙwayar gado mai ƙara haɗarin dajin, mafi yawa waɗanda ake kira BRCA1 da BRCA2. Ibadan kusa take da mu a kan Birmingham.

Mai Na'ura:
Ƙanwata ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ko ma'aunin da muke auna ƙunar fata da shi, matakinsa na farko ja ne. Fatar Hajiya ko tawa yaushe za ta yi ja a gani? Duhu take yi, ta yi sheƙi, ta yi zafi in ka taɓa. Wanda ya tsaya jiran ja sai ya ga ta buɗe. Ni yanzu tambaya nake yi, ina taɓawa da bayan hannu, ina kwatanta da ɗaya gefen.

Likitan Yara:
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga zagayen majinyata na tarar da zancen ya yi nisa. Alhaji na Tibiri, adadin da ka kawo daidai ne, amma daga ƙasashen da ba a cika auren dangi ba aka samo shi. Cutar Louis-Bar tafiyarta ɗaya da amosanin jini: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ɓoye, su lafiyarsu ƙalau, sannan kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu yaro ya fito da ita. A cikin jama'a, masu ɗauke da lalataccen ATM ba su wuce wajen ɗaya cikin ɗari ba. Amma in kai kana ɗauke da shi ka auri ɗiyar baffanka ko ta gwaggonka, ɗaya cikin takwas ne ita ma tana da shi, don kakanku ɗaya. Ka ga tazarar da ke tsakanin ɗaya cikin ɗari da ɗaya cikin takwas. Haka abin yake ga wata cutar ta gyaran ADN, wadda rana ke ƙona fatar yara har ta zama daji, an fi ganin ta a Tunisiya da Maroko saboda wannan dalili.

Malam na Limanci:
Likita, a yi hattara da wannan gaɓar. Auren zumunta halal ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Nana Faɗima ga Sayyadina Aliyu, ɗan baffansa. Gidaje nawa ne a garin nan aka gina bisa haka, 'ya'ya lafiya lau, zumunci ya ƙara ƙarfi? In irin wannan magana ta fita ba tare da ma'auni ba, gobe za a ce wance ce ta kawo cuta gidan, a sake ta da yara a hannu. Na sha raba irin wannan rigimar a zaure.

Likitan Yara:
Allah ya gafarta Malam, tsoronka tsorona ne. Shi ya sa duk ranar da zan faɗa wa iyaye irin wannan sai na zaunar da su tare, in fara da mijin: rabi daga gare ka, rabi daga gare ta, babu mai laifi. Ban ce a bar auren dangi ba, mafi yawan 'ya'yansa lafiya suke. Na ce gidan da aka ga yara biyu ko uku da ciwo iri ɗaya, a tsaya a bincika kafin a sake ƙulla wani auren a cikin gidan. Ai ku malamai ku kuka taimaka har mutane suka fara karɓar gwajin amosanin jini kafin ɗaurin aure.

Malam na Limanci:
In haka ne babu saɓani. Neman magani umarni ne, kuma ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sharaɗina ɗaya, sirrin gida ya tsaya tsakanin likita da masu gidan.

Uwargida daga Tasawa:
Ku gafarce ni, tun ɗazu nake karantawa hannuna na rawa. Likita, yaya alamun cutar suke? Yayana yana auren ɗiyar kawunmu. Babban ɗansu ya fara tafiya daidai lokaci, amma tun farko yana tangaɗi, muka ce zai daina. Bai daina ba. Yanzu shekararsa tara, sai ya dafa bango, in zai dube ka sai ya juyo da kai gaba ɗaya, maganarsa a hankali kamar harshen ya yi nauyi, miyau na zuba. Farin idonsa akwai jijiyoyi ja, an ɗiga magani har an gaji, ba ƙaiƙayi ba kwantsa. Tari da majina ba sa barin shi. Hankalinsa kuwa garau, ya fi sa'o'insa riƙe karatun allo. Ƙanwarsa mai shekara uku ita ma ta fara. An ce iska ce, an yi rubutu an yi hayaƙi, an kai shi wurare.

Likitan Yara:
Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Ba zan sa wa yaro suna ta waya ba, don tangaɗi na da dalilai da yawa a nan: sanƙarau, masassarar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, shawarar jarirai. Amma abin da kika jera, tangaɗi tun fara tafiya, jijiyoyin ido da ba sa jin magani, ciwon ƙirji a kai a kai, hankali lafiya, iyaye 'yan uwa, ga ƙanwa ta biyo, ya isa a kawo su likitan yara ya duba da wannan cutar a ransa.

Akwai gwajin jini mai sauƙi da ake kira alfa-fetoprotin, wanda aka saba yi wa masu ciwon hanta. A sama da kashi 90 cikin 100 na masu cutar Louis-Bar yana hawa sama. Ba sai an kai jini Turai ba kafin a samu wannan hasken. In ta tabbata, gaskiya babu maganin da ke tsayar da tangaɗin, yawancinsu wajen shekara goma suke komawa keke. Amma sanin yana da amfani babba. Za a riƙa tarar ciwon ƙirji da wuri, a kula da yadda yake haɗiyar abinci kada ya riƙa sarƙewa, a motsa mishi jiki. Sannan yaran nan sun fi sauran yara haɗarin dajin jini da na kaluluwa, wajen ɗaya cikin uku ko huɗu. Ranar da hakan ta faru, Allah ya kiyaye, likitan da bai sani ba zai ba da awon kowa da kowa. Wanda ya sani zai kauce wa gashi, ya rage wasu magungunan. Aikin Taylor ke nan a aikace, kuma ran yaro ne a ciki.

Ɗan Tibiri:
Allah ya ba yaran lafiya. Wannan kam na ji shi. Amma ina nan kan batun na'ura.

Tsohon Ma'aikacin Arlit:
Ni ma ina da tambaya tun da an zo nan. Ƙuruciyata duk a ramin yuraniyom ta ƙare kafin in dawo gida Maradi. Muna saye da ɗan abin auna haske a ƙirji, ana karɓa ana kawo sabo. Abin da ke hana ni barci ba kaina ba ne, jikokina ne. Hasken da na sha zai iya lalata ƙwayar gadona in ba su?

Mushen Kimiyya:
Baba, abu biyu ne a nan. Cutar da muke magana ba haske ke kawo ta ba, da ita ake haihuwar mutum, hasken yana tona ta ne kawai. Game da jikoki kuwa, babban binciken da ake da shi na 'ya'yan waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki na 1945 ne. An bi dubbansu shekaru da yawa, ba a ga ƙarin cututtukan gado a fili ba. Abin da aka tabbatar ga masu haƙar yuraniyom a ƙasashe da dama shi ne dajin huhu, saboda iskar radon da ke taruwa a rami, kuma taba na ninka haɗarin. Don haka kai ne abin kulawa. In akwai tari da ya ƙi ƙarewa, ko jini a kaki, ko rama, a je a faɗa wa likita aikin da ka yi.

Tsohon Ma'aikacin Arlit:
Taba na bar ta tuni. Na gode ɗana, ka sauke mini kaya.

Maman 'Yan Biyu:
To mu da ake yi wa yaranmu radiyo in sun faɗi ko suna tari fa? Ni yanzu tsoro ya kama ni.

Mai Na'ura:
Kada ya kama ki. Hoton ƙirji wajen milisiba 0.1 ne (milisiba ma'aunin hasken da jiki ya sha ne), alhali kowane ɗan Adam yana shan wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da sama da abinci, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Sikana ta fi nauyi, ta ciki tana kai wajen 10, shi ya sa ba a yin ta sai da dalili. Eko kuwa babu wannan hasken a cikinta ko kaɗan. Gashi wata duniya ce daban, awonsa ya ninka na hoto sau dubbai, amma a wuri ɗaya ake tara shi. Yaron da aka tabbatar yana da Louis-Bar shi ne ake taƙaita wa hotuna, a yi eko inda za ta wadatar.

Hajiyar Bagalam:
Ni dai ba a ba ni amsar ɗiyata ba. In aka ce mata gashi, in bar ta ta je?

Likitan Yara:
Hajiya, ba fannina ba ne kai tsaye, amma ga abin da na sani tabbas. Ƙullutu ba lalle daji ba ne, a shekarunta da yawa ba shi ba ne, sai an ɗebi ɗan nama an duba. Kada a jira. A binciken Ibadan da ɗalibarmu ta kawo, cikin matan da aka san matakin ciwonsu, sama da kashi 80 cikin 100 sun zo ne ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu. Jinkiri ke kashe matanmu fiye da komai.

Uwa da ɗiya, kuma ɗiyar da ƙuruciya, wannan dole a faɗa wa likita. Ku zauna da tsofaffin gida ku tuno: wa ya yi ciwon nono, wa ya yi na ƙwan mahaifa, a shekara nawa, ta wajen uwa ko ta wajen uba, don ta wajen uba ma ana gado. A faɗa mishi yadda fatar uwar ta yi da taurin da ya biyo baya. Ko da an samu BRCA, masu ita yawanci suna ɗaukar gashi kamar kowa. Masu ɗauke da ATM guda ɗaya lalatacce haɗarin dajin nononsu ya kai wajen ninki biyu, tun 1987 Michael Swift ya lura da haka a dangin yaran nan, amma su ma yawanci ana musu gashi yadda aka saba. Akwai wata ƙwayar, TP53, wadda in ita ce ake ƙoƙarin kauce wa gashi don yana iya tayar da wani dajin daga baya, kuma alamarta gida ne da daji iri-iri ke kama yara da matasa. Likita ba zai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba in kun rufe baki don kunya.

Hajiyar Bagalam:
Gwaggonmu ma da ciwon nono ta rasu, amma a lokacin cewa aka yi sammu ne. Ban taɓa haɗa su ba sai yau. Zan kira yayarmu ta Damagaram, ita ta san na da.

Ɗan Tibiri:
Mushe, ga inda na tsaya. Na yarda a tambayi tarihin gida, wannan ba ya cin ko dala. Na yarda da gwajin jinin da Likita ya faɗa. Amma kusan rabin masu daji suna buƙatar gashi, haka hukumar nukiliya ta duniya ke faɗi, kuma ita ce ta sa Nijar cikin ƙasashe bakwai na farko a shirinta na 2022 na taimaka wa ƙasashe da maganin gashi. To a ci gaba da bugun ƙofa har a kawo wata na'ura kusa, ko nan ko Damagaram. Mace ta bar 'ya'yanta ta tafi Yamai mako biyar ba ƙaramin abu ba ne, da yawa ba tsoron ƙuna ke hana su ba, kuɗin mota da masauki ne.

Ɗalibar Likitanci:
Baba, a buga ƙofar, mu ma muna bayanka. Amma ranar da na'urar ta zo, a fara da rajista: kowane majinyaci a rubuta awon da ya sha, yadda fatarsa ta yi, tarihin gidansu, a sake duba shi bayan shekara. Da izininsa a ajiye ɗan jininsa. Waɗanda suka yi nisa ma da takarda da alƙalami suka fara.

Mushen Kimiyya:
Ni a wannan ba mu rabu ba, Yaya. Sai dai har yanzu ina ganin tsoron yana da nasa kason, don na san gidajen da kuɗin bai gagare su ba amma suka ƙi.

Uwargida daga Tasawa:
Likita, na yi magana da yayana yanzu, ya amince. Za mu shigo Maradi da su biyun farkon mako in Allah ya kai mu. Gwajin jinin sai ba su ci komai ba? Kuma me za mu riƙo?

Likitan Yara:
Su ci abincinsu, ba ya buƙatar azumi. Ku riƙo karnen rigakafinsu da duk wata takardar asibiti ko hoton da aka taɓa yi musu, ko ya tsufa. Uwar da uban su zo tare in da hali. Ki turo mini saƙo ta gefe in gaya miki ƙofar da za ku bi.